Yadda Za Ka Ɗaga Motar Daji da Kanka: Sauya Sifirin da Shakazoba Mataki-Mataki

Duk mai shiga daji da mota ya san ƙarar nan da ake ji idan cikin mota ya gogi dutse ko tudun tsakiyar hanya. Maganin da aka fi yi shi ne a ɗaga motar, a cire sifirin da shakazoban da kamfani ya sa, a ɗora waɗanda suka fi su tsawo da ƙarfi. Aikin bai fi ƙarfin wanda ya saba sauya birkinsa da kansa ba, don kwancewa ce da ɗaurewa. Wahalar tana cikin abubuwan da sabon tsayin zai ja: tiyon birki, wayar ABS (na'urar da ke hana taya kullewa idan an taka birki), shaf ɗin da ke juya tayar gaba, farfela mai kai juyi zuwa aksul, da saitin tayoyi. Wanda ya kula da waɗannan ya gama lafiya. Wanda ya tsaya kallon tsayi kawai zai koma gareji.

Bayanin nan a kan ɗagi na inci 2 ne, kusan milimita 50, a motar da gabanta ke da hannaye biyu a kowane gefe, na sama da na ƙasa, bayanta kuma aksul guda da sifirin mai falle-falle. Haka Hilux take tun 2005, haka Ranger tun 2011, haka kuma Triton, wadda wasu ƙasashe ke kira L200. Inda wasu motocin suka sha bamban zan faɗa. Na tsaya a inci 2 ne da gangan, domin da zarar ka wuce nan sai aikin ya haifi wasu ayyukan, ka fara neman sabon hannun sama, dogon tiyon birki da kayan sauke tukunyar aksul ɗin gaba, wato gidan giyar da ke raba juyi ga tayoyin biyu.

Abu guda ka sani kafin ka kashe kuɗinka: jikin mota da shasi ne sifirin yake ɗagawa, ba ya ɗaga tukunyar aksul ɗin baya. Ita tana nan inda take, taya ce kawai ke nisanta ta da ƙasa. Idan ka tashi daga taya 265/65R17 zuwa 265/70R17, tsayin tayar ya ƙaru daga kusan milimita 776 zuwa 803, tukunyar ta tashi da milimita 13 kacal, kuma idan agogon gudu ya nuna 100, kana kan 103 ne.

Kayan aiki

- Jak mai ƙarfi, irin na gareji mai tayoyi. Idan akwai na biyu, ko ƙaramin mai kamar kwalba ne, aikin baya zai yi sauƙi sosai.
- Ƙafafun tokara na ƙarfe guda biyu aƙalla, huɗu sun fi, waɗanda nauyin da aka rubuta a jikinsu ya zarce na motar.
- Weji na tare taya.
- Sokiti da sifanoni daga 10 zuwa 24, da doguwar sandar karya noti.
- Sifanar tok, wadda ke auna ƙarfin ɗauri. Wannan ba ta da madadi. Idan ba ka da ita, aro.
- Na'urar matse naɗaɗɗen sifirin, mai nauyi, ba 'yar siririyar ƙananan motoci ba.
- Abin raba boljon (mahaɗin da ke haɗa hannu da ƙarfen da ke riƙe taya), guduma babba, ƙarfen banƙara da filaya.
- Man kashe tsatsa irin su WD-40, burushin waya, giris.
- Tef na awo, alkalamin fenti, igiyar ɗaure kaya mai ƙugiya, da waya mai ƙwari ta rataye abubuwa.
- Tabarau na kariya da safar hannu.
- Littafin gyaran motarka, saboda lambobin ƙarfin ɗauri. Kowace mota da nata, kada ka ɗauki na wata.

Cikin kwalin da ka saya kuwa, a samu shakazoba huɗu, naɗaɗɗen sifirin biyu na gaba, mai falle-falle biyu na baya, bushin (robobin da bol ke ratsawa), sababbin yu-bol (bol mai siffar U da ke ɗaure sifirin da aksul) da notunansu, da shakul (ɗan ƙarfen da ke rataye ƙarshen sifirin a shasi) idan saitin ya zo da shi. Ka ƙara da sababbin filin tsaga na boljon, 'yan ƙusoshin da ke hana noti kwancewa. Ka ware yini guda cur, kwana biyu idan motar ta ci tsatsa, kuma ka nemi mutum ɗaya ya kama maka. Sifirin baya yana da nauyi, ba abin da za ka rungume kai kaɗai kana kwance a ƙasa ba ne.

1. Tabbatar kayan na motarka ne, kuma na nauyinta ne

Kamfanoni irin su Old Man Emu, Dobinsons da Ironman 4x4 suna yin sifirin kala-kala ga mota ɗaya, gwargwadon nauyin da take ɗauka kullum. Akwai na motar da ba a ƙara mata komai ba, akwai na mai bamban ƙarfe da injin jan waya a gaba, akwai na mai yawo da kaya a baya dare da rana. A nan mutane ke yaudarar kansu. Sai mutum ya sayi mafi ƙarfi wai don ya fi ƙarko, alhali bayan motarsa fanko yake zama. Sakamakon shi ne mota mai tsalle a kowane rami, tsayinta kuma ya wuce abin da aka tsara. Ka saya daidai da nauyin da ke kan motar a ranar da ba a tafiya ko'ina, ba nauyin tafiyar da kake yi sau ɗaya a shekara ba.

Ka baje kayan a ƙasa, ka gwada lambobinsu da takardar. Duba jikin sifirin ko akwai alamar hagu da dama, ko ta gefen direba. Sau da yawa ɗaya ya ɗan fi ɗaya tsawo, domin gefen da ke ɗauke da direba, batir da tankin mai ya fi nauyi. Idan ka musanya su, motar za ta tsaya a karkace.

Wasu motocin ba a far musu kai tsaye. Wasu Prado 150 da Land Cruiser 200 suna da KDSS, inda sitabilaiza, sandar da ke rage kwanciyar mota a kwana, ke haɗe da bututun mai mai matsi, kuma akwai ƙa'idar sassauta bawul ɗinsa kafin a taɓa komai. Haka mai sifirin iska ko mai daidaita tsayinta da kanta. In irin wannan ce taka, bi littafinta layi-layi ko ka kai wa wanda ya san ta.

2. Jiƙa notuna, sannan ka yi awo

Kwana ɗaya ko biyu kafin aikin, wanke ƙasan motar, ka goge zaren kowane noti da burushin waya, ka fesa masa man tsatsa. Ka fi ba da ƙarfi a yu-bol, shakul, bol ɗin idon sifirin na gaba da bol ɗin ƙasan shakazoba. Sake fesawa da safen ranar.

Ajiye motar a shimfiɗaɗɗen wuri mai tauri, siminti ya fi. A kowace kusurwa huɗu, auna daga tsakiyar cibiyar taya zuwa leɓen madigad, ka rubuta. Daga cibiya ake aunawa, ba daga ƙasa ba, don iskar taya kada ta shiga lissafin. Waɗannan lambobin su ne shaidarka idan an gama. Ka kuma ɗauki hoton kowane gefe da wayarka: yadda tiyo ya bi, inda wayar ABS ta maƙale, ta wane ɓangare kan bol ya shiga.

3. Ɗaga gaba ka tokare

Ja birkin hannu, sa giya, sa weji gaba da bayan tayoyin baya. Sassauta notunan tayoyin gaba tun suna ƙasa. Ɗaga gaban motar, ka sa ƙafafun tokara a ƙarƙashin shasi, bayan tayoyin gaba, sannan ka sauke nauyin a kansu. Girgiza motar da ƙarfi. Idan ta motsa, gyara tun yanzu. Cire tayoyin ka tura su ƙarƙashin shasi a kwance, su zama kariya ta biyu.

Jak na ɗagawa ne kawai. Bulo kuma yana fashewa ba tare da ya yi sallama ba. Idan ƙasar wurin ba ta da tauri, shimfiɗa katako mai kauri da faɗi a ƙarƙashin kowace ƙafar tokara.

Ka ɗaga gefe biyun gaba lokaci guda, ko da ɗaya bayan ɗaya za ka yi aikin. Idan taya ɗaya tana ƙasa, sitabilaiza zai murɗe, ya riƙa yi maka gardama.

4. Fitar da sitirot

Sitirot shi ne shakazoba da naɗaɗɗen sifirin a haɗe, da hula a samansu mai bol uku da ke kama shasi.

Kwance linkej ɗin sitabilaiza, ɗan ƙarfen da ke riƙe ƙarshen sandar, a gefe biyu, ka juya sandar ta kauce. Kwance ƙananan maƙalan da ke riƙe wayar ABS da tiyon birki a jikin hannun sama da gwiwar taya, wato ƙarfen da cibiyar taya ke kai. Ba tiyon kansa za ka buɗe ba, maƙalinsa kawai, don ya sami sarari. Sa jak a ƙarƙashin hannun ƙasa ya ɗan tallafe shi.

Cire filin tsaga na boljon ɗin sama, ka sassauta notinsa amma ka bar shi a kan zare biyu ko uku. Sa abin raba boljon. Idan babu, ɗauki guduma ka doki gefen gwiwar, daidai inda sandar boljon ta ratsa, duka mai kyau biyu ko uku, za ka ji ya saki. Kada ka doki kan zaren, zai buɗe, noti ya ƙi shiga. Notin da ka bari shi zai hana komai zabura a lokacin da ya saki.

Kafin ka ƙarasa cire notin, ɗaure gwiwar da waya ko igiya a jikin shasi. Idan ka bar ta ta kifo waje, za ta ja tiyon birki, kuma za ta iya zare shaf daga cikin kofinsa na ciki. Mayar da shi aiki ne na daban, mai cin rai da ɓata lokaci.

Cire bol ɗin ƙasan shakazoba. Sannan ka kwance notuna uku na saman hular. Na tsakiya, wanda ke kan sandar shakazobar, kada ka taɓa shi. Shi ne ke riƙe da sifirin a matse. Sauke jak a hankali, danna hannun ƙasa da ƙarfen banƙara, ka zaro sitirot, kana lura kada ƙasansa ya yage robar shaf. Idan hannun ya ƙi sauka, yi wa bol ɗin saiti na gindinsa alama da fenti, ka sassauta su kaɗan.

5. Matse sifirin

Wannan ne matakin da ke raunata mutane, don haka zan daɗe a kansa.

Sifirin da aka matse kamar ɗanannen tarko yake, kuma na ɗagi ya fi na kamfani tauri, wani lokaci nesa ba kusa ba. Idan za ka iya sayen sitirot da aka riga aka haɗa, da sabuwar hularsa, saya ka tsallake matakin nan gaba ɗaya. Idan ba haka ba, kuma na'urar da ke hannunka 'yar siririya ce, ɗauki tsoho da sabo ka kai garejin da ke da babbar na'urar matsewa ta jikin bango. Aikin minti kaɗan ne a wurinsu, ba kuma abin kunya ba ne.

In kuwa na'urarka mai nauyi ce, ga yadda ake yi. Da farko ja layi da fenti daga ɗaya daga cikin bol ukun hular zuwa idon ƙasan shakazoba, don ka san yadda suke fuskantar juna. Idan ka haɗa sabon a karkace, sama za ta shiga, ƙasa ta ƙi, kuma ba a iya juya hula bayan an saki sifirin daga na'urar.

Shafa giris a zaren na'urar. Kafa ƙugiyoyin biyu suna kallon juna, ɗaya a wannan gefe ɗaya a wancan, su kama zagaye da yawa gwargwadon iko. Matse da hannu, kaɗan a nan, kaɗan a can. Ban da bindigar iska. Idan ka ga sifirin ya fara lanƙwashewa gefe guda, ko ƙugiya ta fara zamewa tana bin zagayen, ko sandar na'urar ta fara gantsarewa, tsaya, ka sassauta a hankali, ka sake kafawa. Duk tsawon aikin ka tsaya a gefen sitirot, kada kansa ko gindinsa ya kalli jikinka ko na wani.

Sai sifirin ya yi sako-sako a mazauninsa, har kana iya juya shi da hannu, sannan za ka kwance notin tsakiya. Jera wasa da robobin da suka fito bisa tsarin da suka fito, ka ɗauki hoto. Duba robar hular, idan ta tsattsage sauya ta yanzu, ba sai ka sake kwance komai wata uku masu zuwa ba. Saki tsohon sifirin a hankali har ƙarshe kafin ka cire na'urar. Kada ka ajiye shi a matse a gefe wai sai anjima.

Matse sabon, ka zura shi a sabuwar shakazoba. Wutsiyar sifirin ta ƙasa dole ta zauna a cikin ɗan matakin da aka yi mata a mazaunin. Ɗora hula bisa layin da ka ja, sa sabon notin tsakiya, ɗaure shi, sannan ka saki na'urar kaɗan-kaɗan kana kallon wutsiyar kada ta goce.

Wasu kan sa zoben ƙarfe a saman tsohon sitirot maimakon sauya sifirin. Yana ɗagawa, yana da sauƙi, amma ka sani cewa sitirot a tsakiyar hannun ƙasa yake zaune, don haka kaurin zoben yana kusan ninkawa kafin ya isa taya. Zoben milimita 25 zai ba ka kusan 50. Ni dai ba na son sa a motar da za ta sha daji da gaske, domin tsayi kawai ya ƙara, bai ƙara wa shakazoba komai ba.

6. Mayar da gaba

Shigar da saman sitirot, kama notuna ukun da hannu. Danna hannun ƙasa, daidaita idon shakazoba, zura bol ɗin ta ɓangaren da ya fito. Sabon ya fi tsawo, sai an yi ɗan kokawa, nan mataimaki ke da rana. Ɗaga hannun ƙasa da jak har boljon ɗin sama ya isa raminsa, ɗaure shi da sifanar tok, sa sabon filin tsaga. Idan ramin filin bai yi daidai ba, ƙara ɗaurewa kaɗan har ya yi, ba a komawa baya. Ɗaure notunan sama. Mayar da maƙalan ABS da na birki, sannan linkej bayan ka gama gefe biyun.

Bol ɗin ƙasan shakazoba da na gindin hannun ƙasa, kama su kawai, kada ka ɗaure tukuna. Dalilin yana mataki na 10.

Idan motarka mai sandar murɗi ce a gaba, irin Hilux ta 1997 zuwa 2005 ko Land Cruiser 100, babu naɗaɗɗen sifirin da za ka matse. Bol ɗin saiti ne a ƙarshen sandar, ana ɗaure shi gaba ya tashi. Yi hakan da tayoyi a sama, ka ƙirga zagayen kowane gefe, kuma kada ka ɗaure har hannun sama ya zauna a kan robar tsayawarsa. Tayar da ba ta da sararin sauka cikin rami, tuƙinta azaba ne.

7. Bayan mota

Mayar da tayoyin gaba, sauke, sa musu weji. Birkin hannu ba zai taimake ka ba yanzu, tunda tayoyin baya yake kamawa. Ɗaga baya ta tukunyar aksul, tokare shasi a gaban sifirin, kuma ka tokare da tsayi sosai, domin aksul zai sauka fiye da yadda kake zato. Cire tayoyi, ka bar jak a ƙarƙashin aksul.

Gefe ɗaya ake yi a gama kafin a taɓa ɗayan. Sifirin da ke ɗaure shi ke hana aksul gangarewa ko juyawa, kuma shi ne abin dubawarka idan ka rikice.

Cire shakazoba biyun. Saki maƙalan tiyon birki, wayar birkin hannu da wayar ABS. Kwance yu-bol na gefen da kake yi, ka ɗan sassauta na ɗayan. Idan sun ci tsatsa sun ƙi, yanke su kawai, daman ba za a mayar da su ba. Sauke aksul a hankali har ya rabu da sifirin, idonka a kan tiyon birki. Cire shakul na baya, sannan bol ɗin idon gaba, ku zaro sifirin ku biyu. A wasu motocin tankin mai yana tare hanyar wannan bol ɗin, sai an sassauta tankin an ɗan matsar da shi. Bol ɗin da ya manne da ƙarfen cikin bushin kuwa, zarto ne maganinsa, a yanka ta gefe biyu. Kada ka kawo wuta kusa da tanki.

Kwantar da sabon kusa da tsohon ka gane gaba da baya. Yawanci ɓangaren da falle na biyu ya naɗe idon shi ne gaba, kuma tazarar daga ido zuwa ƙusar tsakiya ba ɗaya ba ce a ɓangarorin biyu. Idan bushin na roba mai tauri ne irin na foliyuretan, cika shi da giris ɗin da ya zo da shi, in ba haka ba zai yi ta kuka. Na baƙar roba kuwa ba ya son giris na fetur, ruwan sabulu ya isa a tura shi.

Rataya idon gaba, sannan shakul, duk a kame ba a ɗaure ba. Ɗaga aksul har kan ƙusar tsakiyar sifirin ya faɗa cikin ramin da ke kan kujerar aksul. Da wuya ya faɗa da kansa. Ɗaura igiyar kaya daga aksul zuwa shasi ka ja shi gaba ko baya har ka ji ya zauna. Leƙa ka gani da idonka. Idan ka ɗaure yu-bol ƙusar tana waje, aksul zai zauna a karkace, motar ta riƙa tafiya a gicciye tana cin taya. Mayar da robar tsayawa, sa sababbin yu-bol, ɗaure notunan huɗu a gicciye, kaɗan-kaɗan, har zaren da ya fito ya yi daidai a dukkansu. Tsohon yu-bol ya riga ya miƙe tun ɗaurin farko, ba zai sake riƙewa kamar da ba.

Duba shakul: ƙasansa ya karkata zuwa baya. Sabon sifirin mai lanƙwasa sosai yakan sa shi ya kife zuwa gaba ya maƙale a jikin shasi. Idan ka ga haka, banƙaro shi da ƙarfe yayin da ake ɗora nauyi. Gama ɗaya gefen, sa shakazoba.

8. Idan bayan naɗaɗɗen sifirin ne, ko gaban aksul guda ne

A Prado, Land Cruiser 80, Patrol Y61, Wrangler ko Jimny, baya ya fi sauƙi. Cire ƙasan shakazoba da linkej, saki maƙalan tiyo, sauke aksul, sifirin zai fito da hannu. Sai dai akwai sandar da ke gicciye daga shasi zuwa aksul, ana ce mata fanhad. Idan mota ta tashi, sandar tana jan aksul zuwa gefe guda. A inci 2 abin kaɗan ne, amma auna fitowar taya hagu da dama, idan bambancin ya yi yawa nemi mai saiti. Masu aksul guda a gaba kuma suna rasa kasta, wato kwanciyar da ke sa sitiyari ya koma tsakiya da kansa, sai an gyara da bushin ko farantin da aka yi don haka.

9. Gwajin rataya

Kada ka tsallake wannan. Motar tana kan tokara, sauke jak gaba ɗaya, aksul ya rataya a kan shakazoba. Wannan shi ne iyakar saukar da taya za ta yi a daji. Taɓa tiyon birki, wayar ABS, wayar birkin hannu da ɗan tiyon numfashin aksul. Kowanne ya kasance da saura. Wanda ya miƙe tsam, ko a sauke maƙalinsa ko a sa dogo. Idan ka sauya tiyon birki, dole ka fitar da iska daga birkin kafin motar ta motsa.

Yi haka a gaba ma. Tayoyi a rataye, murɗa sitiyari har ƙarshe hagu da dama, juya taya da hannu. Ka saurari shaf ko yana kamewa, ka duba ko hannun sama yana taɓa sifirin.

Tsofaffin motoci marasa ABS suna da bawul a baya mai ɗan dogon ƙarfe da ke haɗe da aksul, aikinsa ya gane nauyin kaya ya ƙara ko ya rage birkin baya. Idan ka ɗaga mota ba ka ɗaga maƙalinsa na kan aksul da daidai wannan tsayin ba, zai ɗauka motar ba ta da nauyi ko kaɗan, ya rage birkin baya ko da ka cika ta da kaya.

10. Ɗaurin ƙarshe, da nauyi a kan taya

Mayar da tayoyi, sauke motar, tura ta gaba da baya 'yan mitoci, ka danna kowace kusurwa ta yi lilo. Yanzu ne za ka ɗauki sifanar tok ka bi duk bol ɗin da ya ratsa bushin: ƙasan shakazoba, gindin hannun ƙasa bisa alamar fentinka, idon sifirin, shakul, fanhad. Bushin roba ba ya juyawa a kan bol, murɗewa yake yi. Idan ka ɗaure shi taya na rataye, da an sauke motar ya riga ya murɗe, haka zai zauna dare da rana har ya yage cikin 'yan watanni, kuma yakan riƙe motar a tsayin da ba nata ba. Idan wurin ya yi maka ƙunci, hau da tayoyin kan katako masu kauri ɗaya.

Bi yu-bol da notunan taya su ma. Duk wanda ka gama, ja masa layin fenti daga noti zuwa ƙarfen da yake kai. Ka san wanda ka yi, gobe kuma kallo ɗaya zai nuna maka wanda ya motsa.

11. Awo, saiti da fitila

Maimaita awon mataki na 2. Sabon sifirin yakan wuce abin da aka rubuta da 'yan milimitoci, zai kwanta bayan an yi tafiya. Idan tsohon ya riga ya gaji, kada ka yi mamakin ganin ƙarin milimita 60 ko 70, domin daga tsayin sabuwar mota kamfani ke lissafi. Bayan a-kori-kura ya ɗan fi gaba tsayi, haka aka tsara shi saboda kaya, bar shi.

Daga nan sai wurin alaimen, kai tsaye, a hankali. Ɗagi yana sauya kamba (karkatar saman taya ciki ko waje), kasta da yadda tayoyin gaba ke kallon juna, kuma tafiyar 'yan kwanaki a haka ta isa ta cinye gefen sabuwar taya. Gaya wa mai saitin cewa an ɗaga motar, ka karɓi takardar sakamakon. Idan ya ce bol ɗin saiti sun ƙure kasta bai dawo ba, lokacin sayen hannun sama na musamman ya yi. Sababbin motoci masu kyamara ko rada a gaba suna iya bukatar a sake saita su da kwamfuta. Da dare ka haska bango ka sauke fitilun gaba, don kada ka riƙa kashe wa masu tahowa ido.

12. Gwajin hanya da sake dubawa

Fara a hankali, gilashi a buɗe, rediyo a kashe. Taka birki tun kafin ka fita titi. Ƙwanƙwasa a kan rami yawanci linkej ne ko notin shakazoba da bai ɗauru ba. Karkarwa a lokacin tashi daga tsaye, musamman a motoci masu farfela biyu a haɗe, kusurwar farfelar ce ta sauya, ana gyara ta da ɗan faranti a ƙarƙashin bera ta tsakiya ko siririn weji tsakanin sifirin da aksul. Ƙas-ƙas a kwana kuwa shaf ne, duba robarsa ko ta fara zubar da giris.

Bayan kusan kilomita 500, ko bayan shigarka daji ta farko, sake bin komai da sifanar tok, yu-bol a kan gaba, domin fallayen suna zaunawa su bar shi sako-sako. Motar yanzu ta fi jin iska, ta fi kwanciya a kwana, kuma idan ka ƙara girman taya tana bukatar tazara mai tsawo kafin ta tsaya, don haka rage gudun shiga kwana, ka rage lodin saman rufi. Ka kuma bincika dokar inda kake, domin ƙasashe da yawa sun ƙayyade tsayin da za a ƙara ba tare da takardar injiniya ba, sannan ka sanar da kamfanin inshorarka a rubuce cewa an ɗaga motar.